Yadda Ake Tayar da Agogunan Tablo Bayan An Canja wa Motar Daji Inji

An ɗora wa Land Cruiser ko Hilux ko Patrol wani inji, an murɗa makulli ya tashi, sai a tarar allurar zafi ta kwanta, ta ƙarfin baƙin mai ta haye sama ta maƙale, agogon juyin inji ko motsi ba ya yi. Da yawa sukan karɓi motar a haka, wai a gyara daga baya. Motar da za ta kama hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta shiga yashin Tasker a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba ta fita da makahon tablo. Injin da aka kashe wa kuɗi masu yawa yana iya ƙonewa direba bai ga alamar komai ba.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne: kowane agogo da sond ɗinsa aka yi shi, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Sond shi ne ɗan ƙarfen da ake murɗawa a jikin inji yana aika labarin zafi ko ƙarfin mai ta waya. Ba inji yake bi ba, tablo yake bi. Don haka sond ɗin tsohon inji ake cirewa a maida kan sabo. In ba a riga an sayar da tsohon injin ba, je ka kwance sond ɗin zafi da na mai yanzu, har da soket ɗinsu da ɗan guntun waya.

Kayan aiki

Multimita mai auna volt da om. In tana auna Hz, wato yawan bugun wuta a daƙiƙa, ya fi. Fitilar gwaji mai ƙwai na gaske, wat 3 zuwa 4, ba LED ba. In motar mai volt 24 ce, ƙwan ma ya zama na 24. Agogon ƙarfin mai na hannu, mai tiyo. Ma'aunin zafi da ke kaiwa digiri 120, ko irin mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa. Waya ta murabba'in milimita 0.75 zuwa 1 kala uku ko huɗu, da kebul mai kauri na murabba'in milimita 25 ko 35 don mas, wato hanyar da wuta ke bi ta ƙarfen mota ta koma batiri. Ƙarfen dalma da dalma, robar da ke tsukewa in ta ji wuta, kawunan waya, sanfefa, sifana, filaya, salatif na takarda da biro. Sai ƙaramar tukunya da kurfoti ko risho don gwajin sond. In za ka aika Kano a sayo kaya a Ƙofar Ruwa, ka tuna can sansa suke ce wa sond, tablo kuma dashbod, fizibil fiyus. Ka tura tsohon a matsayin samfuri, kada ka dogara da kwatance ta waya.

1. San abin da ka haɗa

Kafin ka taɓa waya, rubuta abu huɗu: ƙirar motar da shekararta, sunan tsohon inji, sunan sabo, da ko an canja akwatin giya da tiransfer. Sai ka duba volt. Wasu Land Cruiser masu gazuwal 24 ne, wasu 12, kuma injin da ya zo daga Kwatano yana iya zama na kowanne. In sun saɓa, alternato da demare da bujin zafi da ɗan makunnin da ke yanke gazuwal a famfo dole su koma irin na motar kafin a yi zancen agogo.

Haɗin da ya fi sauƙi shi ne tsohon tablo da inji marar kwamfuta, kamar 1HZ, 2H, 3B, 3L, 5L ko TD42: kowane agogo da wayarsa guda. Tsohon tablo da inji mai kwamfuta shi ma yana yiwuwa, ka ƙara naka sond ka bar wa kwamfutar nata. Mai wuya shi ne sabon tablo da ke karɓar labari daga kwamfutar inji ta wayoyi biyu da aka tufke, waɗanda ake kira CAN, sannan aka ɗora masa tsohon inji. Wannan tablon ba shi da inda za ka cusa wayar sond. Kada ka ɓata kwanaki a kansa; sayi agoguna na daban masu faɗin milimita 52, kowanne da sond ɗinsa a kwali, ka kafa su a saman tablo.

2. Mas da fizibil

Cire kan batiri na mas kafin ka fara yanka ko dalma.

Yawancin sond masu waya ɗaya ta jikin inji suke komawa batiri. A lokacin canjin inji, kebul ɗin mas shi ne abin da aka fi mantawa, ko a ɗaure shi kan sabon fenti. Kana bukatar uku: batiri zuwa jikin inji da kebul mai kauri, inji zuwa shasi, inji zuwa bodi kusa da bangon da ke raba inji da direba. Goge kowane wuri da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure, sannan ka shafa giris a sama. Maida batiri, sa multimita a volt, tsinke ɗaya a kan batiri na mas, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa makulli. In ta nuna fiye da 0.3, mas bai yi ba. Da inji na aiki da fitilu a kunne, tsakanin inji da bodi kada ya kai 0.1. Alamar raunin mas da ba ta ɓuya: ka kunna manyan fitilu ko fanka, allurar zafi ta ɗaga.

In duk agoguna sun mutu tare, duba fizibil. A Toyota sau da yawa an rubuta masa GAUGE. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai wata tsohuwar waya da aka bari tana lilo tana taɓa ƙarfe. Nemo ta. Kada ka naɗa waya a madadin fizibil, hanyar da ke bayan tablo ce za ta ƙone a maimakonsa.

3. Gano wayoyin motar

Kada ka yarda da kalar waya, musamman a motar da ta ratsa hannun masu gyara da yawa. Buɗe kontak ba tare da tada inji ba. Maƙale fitilar gwaji a mas, ka taɓa tsinkenta a kan wayoyin da suka rage babu gida ɗaya bayan ɗaya, wani yana kallon tablo. Wayar da ta sa allurar zafi ta fara hawa ita ce ta zafi. Wadda ta motsa ta mai ko ta kunna fitilar mai ita ce ta mai. Manna salatif ka rubuta. Wannan gwajin ya kuma nuna maka agogon kansa yana da rai.

Dalilin bi ta ƙwan fitila shi ne ya rage wutar. In ka manna wayar agogon mai a mas kai tsaye, a tsofaffin Toyota allurar takan buga ƙarshe ta lanƙwasa ƙarfen da ke ciki, daga nan ba za ta sake komawa sifiri daidai ba.

4. Agogon zafi

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta. A kusa da gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyato in inji ya yi zafi, za ka iya ganin abubuwa uku ko huɗu masu kama da juna: sond ɗin agogo, mai waya ɗaya, na kwamfutar inji ko na lokacin bujin zafi, yawanci mai waya biyu, da makunnin fanka ko na yanke kilim, wato AC. Multimita ke raba gardama. Na kwamfuta yakan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Na agogo a Toyota da yawa na shekarun 1990 yana wajen om 200 a digiri 50, ya sauko ƙasa da 30 a digiri 115. Makunni kuwa ko a buɗe yake ko a rufe, ba shi da tsaka-tsaki. In ka haɗa wayar agogo da na kwamfuta, allura za ta kwanta ko da ruwa na tafasa. Kuma kada ka raba waya ɗaya tsakanin kwamfuta da agogo. Kwamfutar za ta karanta ƙarya ta riƙa ba inji mai fiye da kima.

Gwada sond kafin ka ɗaura. Tsawaita wayar agogo zuwa kansa, naɗa wata waya a jikinsa zuwa mas, tsoma bakinsa kawai cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ma'aunin zafi a ciki. A Damagaram ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98 zuwa 99, saboda tudun garin. Kalli inda allura ta tsaya a 60, a 80, da lokacin tafasa. Don ganin inda ja ke farawa, sake gwajin da baƙin mai a busasshiyar tukunya, har digiri 115, a fili, nesa da esansi, kuma kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki. Wannan gwajin yana da amfani ko da komai na asali ne, domin agogunan Toyota da yawa an yi su ne allura ta zauna tsakiya a kan tazara mai faɗi. Lokacin da ta fara hawa, inji ya riga ya yi nisa.

Wurin ɗaurawa: a kan kilas, wato kan inji, ko gidan tamostat ta ɓangaren inji, inda ruwa mai zafi ke fitowa. Ba a tiyon ƙasa ba, can ruwan da radiyato ya riga ya sanyaya ne. In tiredi, wato haƙoran murɗawa, bai zo ɗaya ba, kai tsohon sond da toshin ramin wurin mai sassaƙa ƙarfe ya yanka maka mahaɗi na tagulla. Ya zama gajere. In ya yi tsawo, bakin sond zai maƙale cikin rami inda iska ke taruwa, ya riƙa nuna sanyi. In babu rami ko ɗaya, ana yanka tiyon sama a sa guntun bututu mai rami; sai dai shi yana tsakanin roba biyu, dole ka ja masa wayar mas, kuma ba zai ga zafi ba sai tamostat ya buɗe.

Farin zaren roba da masu famfo ke naɗawa yana raba sond da mas. Yi amfani da man like tiredi kaɗan, ko ka bar haƙora biyu na farko tsirara. Bayan ɗauri, auna tsakanin jikin sond da jikin inji: ƙasa da om 1.

In tsohon sond ya tafi da tsohon inji, nemi na ƙirar motar, ba na injin ba. Wasu sukan sa rezistans, ɗan abin da ke rage wuta, a layi don allura ta dawo tsakiya. Wannan yana gyara wuri ɗaya ne kawai, sauran ya ci gaba da ƙarya, kuma rezistans a jere yana danne allura daidai lokacin da ake son ta yi kuka. In dole ce ta sa, daidaita shi a gwajin baƙin mai yadda allura za ta taɓa ja a 110 zuwa 115, ka bar tsakiyar ta faɗi inda ta faɗi.

Abu biyu da ke sa a zargi sond alhali lafiyarsa lau: iskar da ba a fitar ba bayan zuba ruwa, da tamostat da aka cire. Cire tamostat al'ada ce a garejinmu, amma ba ya maganin zafi. Duba ko injin da ka saya yana da shi, in babu ka sa.

5. Ƙarfin mai

Fara da agogon hannu. Murɗa shi a ramin sond, tada inji, bari ya yi zafi sosai. Ga 1HZ, mafi ƙaranci a ralanti, wato inji na aiki ba a taka totur ba, shi ne kusan bar 0.3, a juyi 3,000 kuma bar 2.5 ko fiye. In injin bai kai nasa ƙa'idar ba, matsalarka ba ta waya ba ce, koma wurin wanda ya sayar maka tun da sauran magana.

Iri biyu ne a nan. Makunnin fitilar mai ƙarami ne, yana rufe da mas in babu ƙarfi, ya buɗe da inji ya tashi. Sond ɗin agogo babba ne, kamar ƙaramin gwangwanin tumatir. In ka haɗa wayar agogo da makunni, allura za ta buga sama da buɗe kontak, ta faɗi da inji ya tashi. In ka haɗa fitila da babban sond, za ta riƙa ci dishi-dishi ko ƙyaftawa.

Ramin mai a injunan Japan yawanci 1/8 BSPT ne, haƙora 28 a inci. Agogunan kasuwa da yawa suna zuwa da 1/8 NPT na Amurka, haƙora 27. Yana shiga zagaye biyu ya cije, in ka tilasta ya ɓata ramin ko ya tsaga shi. Sa mahaɗi. In kana son fitila da agogo duka, kada ka rataya babban sond a kan doguwar mahaɗa mai baki uku a jikin inji: girgizar gazuwal da gargadar hanya za su karya tagullar, mai ya tsiyaye cikin ƴan mintoci. Ja tiyon ƙarfin mai na gaske zuwa jikin bodi, kafa mahaɗar a can da maɗauri, ka ba ta mas.

6. Fitilar caji

Alternato na Denso mai soket uku yana da IG, L da S. IG wuta ce daga kontak, L ta tafi fitilar tablo, S ta tafi batiri don auna volt. In motar ta zo da regilato na waje, sabon alternato kuma nasa na ciki, cire tsohon ka kai wayoyin IG da L kai tsaye zuwa sabon alternato, kowace a ƙafarta. A irin na Bosch, wayar fitila D+ ce, kuma ta ƙwan ne alternato ke samun wutar fara caji. In ƙwan ya mutu ko an sa LED, ba zai yi caji ba sai an taka totur. Da kontak a buɗe fitila ta kama, da inji ya tashi ta mutu, batiri ya nuna 13.8 zuwa 14.4, ko ninkin haka a mota mai 24. A Toyota da yawa fitilar birki da ta filtar gazuwal sukan kama tare da ta caji. In ka ga sun ƙi mutuwa gaba ɗaya, L ko alternato za ka bincika, ba birki ba.

7. Agogon juyin inji

Wannan agogon bugun wuta yake ƙirgawa. A injin esansi daga ƙafar mas ta bobin, wato abin da ke ba buji wutar tartsatsi, yake ɗauka: silinda 4 bugu 2 a kowane juyi, silinda 6 bugu 3, silinda 8 bugu 4. Saboda haka agogon mota mai silinda 6 a kan inji mai 4 zai nuna 2,000 alhali inji na 3,000. Akasin haka kuma ya nuna 4,500. Maganinsa akwatin canja bugu, ko agogon kasuwa mai makunnin 4-6-8 a baya. Injin esansi na zamani mai bobin a kan kowane buji yana fitar da ƙaramin sigina daga kwamfuta, wanda tsohon agogo ba ya ji sai da ɗan akwatin ƙara masa ƙarfi. Wayar bobin kada ta taɓa mas, tana kashe igniter, ɗan akwatin da ke kunna bobin yana kashewa.

Gazuwal ba shi da bobin. Wasu injuna sond ne a jikin famfon gazuwal, wasu a gidan fulawil yana ƙirga haƙora, kuma yawan bugunsu ya sha bamban. In motar ta esansi ce aka maida ta 1HZ, hanya mafi tsabta ita ce neman agogon juyi na mota mai 1HZ a dasa cikin tablo. In bai samu ba, ɗauki sigina daga alternato, ƙafar W, wadda a wasu Denso ake rubuta P. In babu ita, mai naɗin alternato zai dalmace waya a ɗaya daga cikin naɗi ukun kafin diyod. Lissafinsa: yawancin alternato suna ba da bugu 6 a juyinsu ɗaya, sai ka ninka da rabon fuli. Fulin inji milimita 150, na alternato 60, rabo 2.5 ke nan, bugu 15 a juyin inji ɗaya. A ralanti 800 multimita za ta nuna Hz 200. Da wannan za ka san juyin gaskiya ka daidaita agogon kasuwa mai dunƙulen saiti a baya. Duba a ralanti, ka sake dubawa wajen 2,500. In bel ya saki, allura za ta riƙa faɗuwa lokacin da ka taka. Kuma duk ranar da aka canja fulin alternato sai an sake saiti.

8. Gudu da man tanki

Agogon gudu daga tiransfer yake ɗauka, don haka in inji kaɗai aka canja, duba kawai ko an maida kebul, bai lanƙwashe sosai ba, bai kwanta kan salansa ba. In an canja giya, ƙa'idar motocin Japan ita ce kebul ya juya sau 637 a kilomita. Mai lantarki kuma yawanci bugu 4 a juyi, da waya uku: wuta, mas, sigina. Ana samun sond da ke murɗuwa a mazaunin kebul ga tablo mai lantarki. Gwada da GPS na wayar hannu a miƙaƙƙiyar kwalta, a 60 da 80. In kuskuren kaso ɗaya ne a ko'ina, ƙaramin giyan roba da ke cikin tiransfer za a canja: in agogo na wuce gaskiya, sa mai haƙora da yawa. Taya da ta fi ta asali tsawo tana sa ya nuna ƙasa da gaskiya.

Agogon tanki ba ruwansa da inji. In ya mutu, mas ɗin tanki ne ko soket da aka manta. A Toyota da yawa fulot, wato sond ɗin da ke iyo cikin tanki, yana ba da wajen om 3 a cike, 110 a fanko. A tsofaffi irin su Land Cruiser FJ40 da FJ60, akwai ɗan regilato cikin agogon tanki da ke ba agogon zafi wajen volt 7. In allurai biyun suna hawa tare, shi ne ko mas ɗin tablo.

Ga wanda ya koma gazuwal, ƙara fitilar bujin zafi da ta ruwa a filta, ko da ƙananan ƙwai ne a gefe. Fitilar T-BELT kuwa, mai tunatar da canjin bel ɗin taimin, kilomitan tablo take ƙirgawa, ba ta san an canja inji ba. In injin da ka saya mai bel ɗin taimin ne, sa masa sabo, rubuta kilomitan ranar a jikin murfinsa.

9. Ɗaure wayoyi da gwajin hanya

Kowane haɗi a dalmace shi a rufe da robar tsukewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da baƙin salatif ba ya kai damina biyu. Zafi ya narkar da gam, ƙura ta shiga, om ya ƙaru, allurar zafi ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Zura wayoyi cikin tiyon roba, ɗaure kowane taƙi ɗaya, nisanta su da salansa da aƙalla faɗin tafin hannu. Tsakanin inji da bodi bar ɗan sako-sako, domin inji yana rawa a kan kujerunsa. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe, sa zoben roba.

Tada inji da sanyin safiya, ka tsaya a kansa. Fitilun mai da caji su mutu cikin daƙiƙa kaɗan. Riƙa haska gidan tamostat da ma'aunin zafi kana kwatantawa da allura har tiyon sama ya ɗau zafi. Kunna fitilu, fanka da kilim, ka ga ko wata allura ta motsa. Sannan fita kwalta kilomita 20, ka shiga yashi da ƙaramar giya na minti goma da rana tsaka, domin a nan ne zafi ke hawa, ƙarfin mai ya sauka. Tsaya, auna gidan tamostat nan take, leƙa gindin kowane sond ko yana tsatsafo. Washegari da inji ya huce, duba ruwa, sake taɓa ɗaurin kebul ɗin mas uku, ka rubuta a takarda irin sond da ke kan kowane rami da digirin da allura ke taɓa ja, ka ajiye tare da takardun mota don mai gyara na gaba.